Kundin gyaran ma'ajiyar bidiyon shagonmu, bazarar 2024

Asabar, 9 ga Maris

Na buɗe wannan kundi ne don in riƙa rubuta abin da na auna da abin da na canza a jikin kwamfutar da muke ajiye aikin mutane, domin zafin bana ya fara taɓa ta tun bazara ba ta kankama ba. Sana'armu ɗaukar hoto da bidiyon biki ce a nan Kano. Duk abin da muka ɗauka tun 2018 yana cikin akwati guda: tsohuwar doguwar kwamfutar tebur mai faya-fayan ajiya shida, kowanne tera 4 (tera ɗaya giga dubu ne), manhajar TrueNAS ke tafiyar da su. An haɗa su a tsarin RAIDZ2, wato ko biyu sun mutu ba a rasa komai. In na uku ya bi su kafin a maye gurbinsu, to an rasa duka.

Sha'aban watan bukukuwa ne, kowa na son ya aurar kafin azumi, don haka na'urar ba ta huta ba. A wannan makon yaron da ke mana haɗa bidiyo ya ce kwafi yana tafiya yana tsayawa da rana, da dare kuwa lafiya ƙalau. Da ƙarfe uku na rana na duba zafin faya-fayan daga sama zuwa ƙasa: 50, 54, 58, 57, 53, 49 a ma'aunin Salshiyas. Ma'aunin da na rataye a bango ya nuna ɗakin yana 36.

Masu ƙera irin waɗannan faya-fayai sukan sa iyakar aikinsu a 60 ko 65. Amma iyaka ba wurin zama ba ce, kuma Afrilu na tafe. Jibi ake sa ran ɗaukar azumi, biki zai tsaya, na'urar za ta samu sarari. Cikin watan nan nake so in gama da ita.

Talata, 12 ga Maris

Ban taɓa ko noti ɗaya ba tukuna, kuma ba zan taɓa ba sai na fitar da kwafi. Mutane da yawa a sana'armu suna ɗauka RAID, wato irin wannan haɗa faya-fayan da muka yi, shi ne madadin kwafi. Ba haka ba ne. Yana kare ka daga mutuwar faifai kawai. In wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone akwatin, ko ɓarawo ya ɗauke shi, ko wani ya goge babban fayil da hannunsa, duk shidan tare suke tafiya. Ƙa'idar da masu wannan aiki suka daɗe a kanta ita ce kwafi uku, a kan abin ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam.

Na fara juye aikin cikin faya-fayan waje guda biyu masu tera 8. Su ma suna da nasu zafin, tunda a rufe suke cikin gidan roba babu fanka. Na farko ya kai 55 cikin awa biyu, sai na tsayar da shi a gefensa na juyo masa fankar tebur, ya sauko 44. Daga bayan sallar asham zuwa sahur nake yin kwafin, da rana a bar komai ya huta.

Asabar, 16 ga Maris

Kwafi ya kammala, na buɗe wasu bidiyoyin daga ciki na tabbatar suna tashi. Faifai ɗaya na kai shi gida.

Yau na buɗe akwatin. Ƙurar hunturu ta yi kafet a ragar gaba, har in ka haska tocila ba ka ganin hasken ta ɗaya ɓangaren. Na fitar da shi tsakar gida na bi shi da bulowa. Abu biyu na kiyaye: na danne kowace fanka da yatsa kafin iska ta bi ta kanta, don kada ta juya fiye da ƙima ta ci ƙarfen tsakiyarta, kuma ban kusantar da bakin bulowar ga faya-fayan ba, da buroshi mai laushi na share su. Faifai yana da ɗan ramin numfashi a jikinsa da aka rubuta kada a rufe shi, bai kamata a hura masa iska mai ƙarfi ta nan ba.

Fankar gaba, wadda ita kaɗai ke ba faya-fayan iska, ta gaji. In ka juya ta da hannu ba ta yin zagaye biyu take tsayawa, man cikinta ya bushe ya cakuɗe da ƙura. Na sa wata da nake da ita ta wucin gadi. Wayoyin wuta kuma an tattara su a dunƙule daidai bayan faya-fayan, inda iska za ta fita, na warware su na ɗaure su ta gefe.

Da ƙarfe uku, ɗaki yana 37: na tsakiya biyun sun dawo 53 da 52. An samu sauƙi, amma da saura.

Laraba, 20 ga Maris

Kowane faifai yana riƙe da tarihin lafiyarsa a cikinsa, abin da ake kira SMART. A TrueNAS da umarnin smartctl ake karanta shi, mai Windows kuwa CrystalDiskInfo ta ishe shi, kyauta ce. Layukan suna da yawa, amma kaɗan ne ke da magana. Lamba 194 zafi ce. Lamba 9 awannin da faifan ya yi a kunne. Lamba 5 guraben da suka lalace har faifan ya maye su da na ajiya. Lamba 197 guraben da ya kasa karantawa yana jiran ya ga ko za su gyaru. Kamfanin Backblaze, wanda ke tafiyar da dubban ɗaruruwan faya-fayai yana kuma wallafa alƙaluman mutuwarsu tun 2013, ya ce layuka biyar yake sa wa ido: 5, 187, 188, 197 da 198.

Faifai na uku, wanda ya fi kowanne zafi, yana da 24 a lamba 5 da 8 a lamba 197. Sauran duk sifili ne a waɗannan layuka. Na biyar kuma yana da 31 a lamba 199, amma wannan ba ciwon faifai ba ne, kuskure ne a hanya tsakaninsa da kwamfuta, yawanci waya ce ko bakinta. Na canza masa waya. Wannan lamba ba ta komawa sifili, abin lura shi ne kada ta ƙaru.

Kan na ukun na daɗe ina tunani, domin faifai mai tera 4 ba ƙaramin kuɗi ba ne a yadda dala take yanzu. Abin da ya yanke mini hukunci binciken da ma'aikatan Google suka fitar a 2007 ne, a kan faya-fayai sama da 100,000. Sun ga cewa faifan da ya fara maye guraben da suka lalace a cikinsa ya ninka wanda bai yi ba sau 14 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Ana yawan kawo wannan bincike a ce ai ya nuna zafi ba ya kashe faifai, kuma gaskiya ne ba su ga alaƙa mai ƙarfi kamar yadda ake zato ba. Sai dai faya-fayansu suna cikin gine-gine masu sanyi ne, kaɗan ne suka wuce 45, kuma a cikin waɗanda suka kai shekara uku zuwa huɗu, masu zafin ne suka fi mutuwa. Nawa sun haura shekara biyar suna zaune a 55. Babu yadda za a yi in jingina da wannan binciken in kwanta.

Akwai wani abu a cikinsa da ya fi tsaya mini a rai: kusan kashi 36 cikin 100 na faya-fayan da suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba kafin su tafi. Ke nan biyar ɗin da ke nuna sifili ma ba su ba ni alkawarin komai ba. Na ba da saƙon sabon faifai.

Asabar, 23 ga Maris

Yau ce ranar da aka fi cin riba, kuma kusan ba a kashe komai ba.

Lissafin da nake bi shi ne: zafin faifai daidai yake da zafin ɗaki a tara da wani abu a kai. Wannan abin da ke kai shi ne aikin akwati da fankoki. Ranar farko tazarar ta kai 22 a faifai na uku, bayan share ƙura ta dawo 16. Fanka ba ta sanyaya iska, kwashe zafi kawai take yi, don haka faifai ba zai taɓa sauka ƙasa da zafin ɗakin ba. Burina tazarar ta dawo ƙasa da 10.

Wani abokin sana'a ya ba ni shawarar in cire murfin gefe in bar akwatin a buɗe, wai haka yake yi. Na gwada awa ɗaya ina kallo. Kwakwalwar kwamfutar ta ɗan sauka, faya-fayan kuwa suka ƙara digiri biyu. Dalilin a fili yake: iska tana bin hanya mafi sauƙi ne. Da murfi a rufe dole ta ratsa tsakanin faya-fayan kafin ta kai fankar baya. Da an buɗe gefe, sai fankar baya ta riƙa jan iska daga nan kusa da ita, ta bar su a tsaye.

Don in ga inda iskar ke bi da idona, na kunna turaren tsinke na riƙa zagaya akwatin da shi. Hayaƙin ya nuna mini rabin iskar fankar gaba tana zamewa ta wani fili da ke gefen kejin faya-fayan, ba ta ma taɓa su. Na yanko kwali na toshe filin, na liƙe da salatif.

Sai jerin faya-fayan kansu. Shida ne a matse kamar fasinjojin bayan tasi, tsakanin kowane biyu ko ɗan yatsa ba ya shiga, shi ya sa na tsakiya ke cin wuya: zafi daga sama, zafi daga ƙasa. Akwatin yana da guraben saka na'urar faifan DVD guda uku a sama waɗanda babu komai a ciki. Na samo ƙarafan da ake ɗaura faifai da su a irin wannan gurbi a titin Beirut, na mayar da biyu can, huɗun da suka rage na bar gurbi ɗaya fanko tsakaninsu inda ya yiwu. Kafin in cire kowanne na rubuta lambar jikinsa a takarda na manna masa a gefe. ZFS, wato tsarin da TrueNAS ke ajiye fayiloli da shi, ba ta damu da wace waya aka sa wa wane faifai ba, amma ni ina bukatar in san wanne ne na uku ranar da zan cire shi.

Na sa sababbin fankoki biyu masu milimita 120 a gaba suna shigar da iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Da gangan na sa masu shigarwa suka fi yawa, don iska ta riƙa fita ta ƙananan ramukan akwatin maimakon ta riƙa shigo da ƙura ta cikinsu. A gaban fankokin na shimfiɗa yankin gidan sauro ninki biyu a matsayin matata.

Ƙarfe uku, ɗaki 38: 45, 46, 47, 46, 45, 45. Tazara ta dawo 9 a mafi zafinsu.

Alhamis, 4 ga Afrilu

Zafin makon nan ya wuce misali. Labarai sun ce jiya garin Kayes na ƙasar Mali ya kai 48.5, asibitocin Bamako kuma sun cika da waɗanda zafi ya galabaita. Allah ya ba su lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu. A nan ɗakin aikinmu ya kai 42 da la'asar, faya-fayan suna 50 zuwa 51. Akwatin yana yin aikinsa, ɗakin ne yanzu matsalar.

Ɗakin a saman bene yake, rufin kwano da silin mara kauri, tagarsa na kallon yamma. Inbata da baturanmu ma a nan suke, su ma zafi suke fitarwa, kuma zafin yana cin su: batir irin namu kwanansa na raguwa kusan rabi duk lokacin da zafin wurin ya ƙaru da digiri 10 a kan 25.

Na yi lissafin na'urar sanyaya ɗaki. Ma'ajiyar gaba ɗaya tana cin wat 85 ne, wato kusan yunit 2 a yini. Ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya tana cin kusan ninki goma na haka in tana aiki. Jiya kuma hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta sanar da ƙarin kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit. Ko a ajiye batun kuɗi, inbatarmu ba za ta ɗauke ta ba in an ɗauke wuta, kuma lokacin da ake ɗaukewar shi ne lokacin da aka fi bukatarta. Faifan da ke sauka 30 ya hau 50 sau biyu a rana ban ga ya fi wanda ke zaune a 44 samun lafiya ba.

Don haka na sauko da na'urar ƙasa. Akwai ɗan sito a ƙarƙashin matakala, babu bangonsa da rana ke duka. Na bar ma'auni a ciki yini guda, bai wuce 35 ba. Na jawo wayar sadarwa daga sama, na ɗora akwatin a kan benci don kada ya sha ƙurar ƙasa, kafinta kuma ya yanke ƙasan ƙofar da samanta ya sa raga, saboda wat 85 a rufaffen sito zai tara zafinsa a hankali. Bitar da ZFS ke yi wa duk abin da ke ajiye, wadda ke sa faya-fayan aiki awanni ba tsayawa, na mayar da ita ƙarfe ɗaya na dare. Na kuma saita gargaɗi ya zo mini a waya in wani ya kai 48.

Asabar, 13 ga Afrilu

An yi salla ranar Laraba, sabon faifai ya iso jiya. Abu biyu na tabbatar kafin in biya. Na farko, cewa CMR ne, wato mai rubutu irin na asali, ba SMR ba. Faifan SMR yana ɗora layukan rubutu a kan juna don ya ɗauki kaya da yawa, kuma in aka matsa masa da dogon rubutu yakan yi sanyin jiki sosai. A 2020 an yi ta ƙorafi a duniya bayan an gano ana sayar da irinsa ga masu ma'ajiya irin tamu ba tare da an bayyana ba, domin wajen sake gina RAID, wato cika sabon faifai da abin da ke kan wanda aka cire, yakan ɗauki kwanaki ko ma tsarin ya fitar da shi. Na biyu, na haɗa shi da kwamfuta a gaban mai shagon muka duba lamba 9 tare. Tsohon faifai da aka goge aka sa a sabuwar leda yana yawo a kasuwa. Wannan awanninsa sifili ne, kuma ranar ƙirar da ke jikinsa ta bana ce.

Na yi masa dogon gwajin SMART, ya ɗauki kusan awa takwas ya fito lafiya. Bayan isha na sa shi a madadin na uku, sake ginin ya fara, batura a cike, janareta da mai a ciki.

Wajen sha ɗaya na dare faifai na biyu da na shida suka ɓace daga tsarin a lokaci guda, bayan daƙiƙu kaɗan suka dawo. Gabana ya faɗi, domin a wannan lokacin saura kariya ɗaya ta rage mini, biyu kuma suka tafi tare. Amma faifai biyu masu lafiya, suna 43, ba sa mutuwa a daƙiƙa ɗaya. Abin da ya haɗa su shi ne katin da dukkan wayoyinsu ke shiga. Na taɓa ƙarfen shan zafin da ke kansa, ban iya barin yatsana a kai ba. Irin wannan kati don manyan kwamfutocin ajiya na kamfanoni aka yi shi, inda iska ke kaɗawa da ƙarfi daga gaba zuwa baya, shi ya sa ba shi da fankar kansa. A akwatin tebur yana zaune ne a lungun da iska ba ta zuwa, kuma ba ya cikin abubuwan da manhajar ke nuna mini zafinsu. A aikin yau da kullum yana jurewa, da aka sa faya-fayai shida aiki gaba ɗaya sai ya gaza. Ina kyautata zaton shi ne ma asalin tsayawar kwafin da yaron ya gani a Maris.

Na kashe na'urar yadda ya kamata, na ɗaure masa ƙaramar fanka mai milimita 40 a kan ƙarfen, na kunna. ZFS ta ci gaba da ginin.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Ya kammala kafin azahar, babu kuskure ko ɗaya. Na bi shi da cikakkiyar bita da dare, ita ma ta fito fes. Alhamdu lillahi.

Asabar, 27 ga Afrilu

Wata dattijuwa ta zo da jikanta tana neman bidiyon bikin 'yarta da muka ɗauka a 2019. Faifan da muka ba su ya karce, wayar da aka tura wa kuma an sace. Maigidanta ya rasu bara, kuma a wajen ɗaurin auren ya yi wa ango da amarya nasiha ta 'yan mintuna.

Ta ce, "Ɗana, ko muryar kaɗai ce a samo mini."

Na ce, "Hajiya, ku zauna, in sha Allahu yana nan."

Yana nan kuwa. Na juye mata a filashi biyu, na ce a ajiye ɗaya a gidan 'yar tata. Wanda ya ba mu ɗaukar bikinsa amana ya ba mu, ko bai faɗa ba, kuma yawancin mutane sun ɗauka muna riƙe da kwafi har abada. Ba za a sake ɗaura wannan aure ba, ba kuma za a sake jin wannan nasiha daga bakin mai ita ba. Zan so abokan sana'ata da ke tara aikin shekaru a faifan waje guda cikin durowa su yi wa kansu wannan lissafi tun faifan yana tashi.

Asabar, 11 ga Mayu

Biki ya dawo gadan-gadan. Sito 36, faya-fayai 43 zuwa 45, gargaɗin bai taɓa kaɗawa ba.

Kwamfutar haɗa bidiyo da ke sama ita ma ta nuna nata. Faifanta NVMe ne, ɗan siriri mara motsi, kuma irinsa da kansa yake rage gudu in ya kai wajen 70 don kada ya ƙone. Yana kwance daidai ƙarƙashin katin da ke sarrafa hoton allo, yana kaiwa 76 in ana fitar da bidiyo. Na mayar da shi ɗaya gurbin da ke nesa da katin, na sa masa ƙarfen shan zafi. Yanzu 61 ne iyakarsa.

Gidan sauron da ke gaban fankoki yana toshewa cikin mako biyu, da zarar ya toshe kuma tazarar na ƙaruwa da digiri uku. Na sa wanke shi cikin aikin yaron shago duk ranar Juma'a da safe.

Asabar, 8 ga Yuni

Damina ta fara sauka, sito ya dawo 31, faya-fayai 38 zuwa 40. Lamba 199 ta faifai na biyar tana nan a 31 ba ta motsa ba. Na huɗu kuwa, wanda ya zauna kusa da na uku duk shekarun nan, ya nuna 2 a lamba 197 ranar Talata. Bita ta gyara guraben, lambar ta koma sifili, amma na fara tara kuɗin madadinsa, ina duba shi kowace safiya.

Haɗarin wannan lokaci tsawa ce da wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke. Mai gyaran wuta zai zo Litinin ya duba wayar da ke sauke wuta ƙasa, ya sa abin kariya a layin sito. Ƙasan siton kuma yakan yi danshi a Agusta, don haka zan ƙara wa bencin tsawo in sa ma'aunin laima a ciki. Kwafin da ke gida tun Maris ya tsufa, bukukuwan bayan salla ba sa cikinsa. Gobe zan kawo shi in sabunta, kafin aikin Babbar Salla ya taso.